Yadda Ake Bin Sawun Kasafin Kuɗin Soja a Najeriya

Duk ƙarshen shekara, da zarar shugaban ƙasa ya gabatar da kasafi a gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, kanun labarai sukan ce ɓangaren tsaro ne ya samu kaso mafi tsoka. A kasafin 2024 an ce naira tiriliyan 3.25, a na 2025 an ce tiriliyan 4.91. Wanda ke zaune a Zurmi ko Gwoza ko Birnin Gwari yana da hakkin ya tambaya ina kuɗin suka shiga. Amma wannan babban adadi shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin dukan alƙaluman kasafin. Abin da ke nuna ko soja zai samu harsashi da mai da mota mai lafiya yana can cikin rabon, kuma abu biyu ne ke yanke rabon: yawan kuɗin da ke hannun gwamnati da gaske, da kuma wanda ke da ƙarfin faɗa a ji lokacin da ake rabawa.

Kafin ka fara, tanadi takardu huɗu. Daftarin da shugaban ƙasa ya kai majalisa, dokar kasafin da ya sa wa hannu, rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, da takardar tsarin kashe kuɗi na shekara uku wadda dokar kula da kuɗin gwamnati ta 2007 ta wajabta. Duk Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya ne ke wallafa su a shafinsa na intanet. Ka samo na shekara uku a jere, domin kasafin shekara ɗaya shi kaɗai ba ya nuna alƙibla.

Mayar da adadin zuwa dala, sannan ka cire hauhawar farashi

Jiragen yaƙi, jirage masu saukar ungulu, kayan gyaransu, na'urorin sadarwa da yawancin manyan makamai daga waje ake sayo su, da dala ko yuro. Saboda haka naira ba ta isa ma'auni ba. Kowane kasafi yana da farashin dala da aka gina shi a kai. Daftarin 2024 an gina shi a kan naira 750, majalisa ta ɗaga zuwa 800. Na 2025 an gina shi a kan naira 1,500. Raba tiriliyan 3.25 da 750, za ka samu kusan dala biliyan 4.3. Raba tiriliyan 4.91 da 1,500, za ka samu kusan dala biliyan 3.3. A naira kasafin ya ƙaru da fiye da rabi, a dala kuwa ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500 a kasuwa, alhali an yi lissafi a kan 800. Duk kwangilar sayo kaya daga waje da aka tsara a wannan shekarar, kuɗin da aka ware mata rabin kayan kawai za su iya saye. Idan ka ga aiki ɗaya yana sake fitowa a kasafi shekara bayan shekara, kafin ka ce sata ce, duba wannan tukuna. Sau da yawa ba a taɓa biyan kuɗinsa cikakke ba.

Abin da ake saye a gida kuma, kamar abinci da man dizal da siminti, hauhawar farashi ce ke cin sa. A Disambar 2024 ta kai kashi 34.8 cikin 100. Layin da aka ƙara wa kashi 20 a irin wannan shekara an rage shi ne.

Sai ka auna da jimillar kasafi. Tiriliyan 3.25 cikin 27.5 da aka gabatar a 2024 kusan kashi 12 ne, 4.91 cikin 49.7 kusan kashi 10 ne. Kusa da shi ka ajiye kuɗin biyan bashi: tiriliyan 8.25 a daftarin 2024, tiriliyan 15.81 a na 2025. Bashi ake fara biya kafin kowa, kuma shi ne ke ƙayyade abin da zai rage wa sauran ma'aikatu, har da ta tsaro.

Kasa kasafin gida uku

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka daɗe. Buɗe shafukan Ma'aikatar Tsaro, lambarta 0116. A ƙarƙashinta za ka ga hedikwatar ma'aikatar, Hedikwatar Tsaro, sojin ƙasa, sojin ruwa, sojin sama, makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, kwalejin Jaji, kamfanin ƙera makamai na DICON, hukumar leƙen asirin soja da sauransu. Kowace tana da kaso uku, kuma lambobin farko ne ke bambanta su. Duk layin da ya fara da 21 albashi ne da alawus. Wanda ya fara da 22 kuɗin gudanarwa ne na yau da kullum: mai, gyaran motoci da jirage, horo, tafiye-tafiye, wutar lantarki. Wanda ya fara da 23 manyan ayyuka ne: sayen makamai, gina bariki, sayen jirage. Rubuta ukun a jere ga kowace runduna, ka fitar da kason kowanne cikin 100.

Za ka tarar albashi ne ke cinye mafi yawa, musamman a sojin ƙasa, domin ita ce rundunar da ta fi yawan mutane. Sojin sama da na ruwa mutanensu kaɗan ne, kayan aikinsu ke da tsada, don haka kasonsu na manyan ayyuka ya fi nauyi, kuma su faɗuwar naira ta fi yi wa illa.

Dalilin da ya sa wannan rabo yake da muhimmanci shi ne kason uku ba su da ƙarfi ɗaya idan kuɗi suka yi ƙaranci. Babu gwamnatin da za ta taɓa albashin mutumin da ke riƙe da bindiga. Ɗauki misali da runduna mai naira 100: 70 albashi, 10 gudanarwa, 20 manyan ayyuka. Idan kuɗin shiga suka gaza aka rage naira 15, a takarda ragin kashi 15 ne kawai. Amma tunda ba a taɓa 70 ɗin, ragin zai faɗa ne a kan 30 da suka rage, wato rabin duk abin da ake sayen mai da kayan gyara da makamai da shi ya tafi. Sojoji suna nan da yawansu, ana biyansu, amma motoci na fake, matuƙa jirgi ba sa samun sa'o'in tashi da ke riƙe ƙwarewarsu.

Haka ma ƙari. Duk sabon ɗaukar sojoji ko ƙarin albashi nauyi ne na dindindin. Ƙara wa soja naira 1,500 a kuɗin abincinsa na yini abu ne da ya cancanta, amma ka yi lissafinsa: ga kowane mutum 100,000, naira biliyan 54.75 ke nan a shekara. Idan ba a faɗaɗa rufin kuɗin da Ofishin Kasafi ya ba ma'aikatar ba, daga kaso na 22 da na 23 za a ciro su. Ana kiran wannan rufi ambulan: tun kafin a rubuta kasafi ake aika wa kowace ma'aikata iyakar da ba za ta wuce ba, hafsoshi kuma su cusa bukatunsu a ciki.

Kaso na 22 ne maraya. Ba a yanke masa kyalle, ba a gayyatar 'yan jarida ranar da aka canza injin jirgi. Amma masana harkar makamai sun daɗe da sanin cewa kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin da jirgin yaƙi ke ci a tsawon rayuwarsa ana kashe su ne bayan an saye shi. Wanda ya sayi doki bai tanadi dawa da harawa ba, ya sayi abin kallo ne. Najeriya ta ɗanɗana wannan. Jiragen Jaguar da aka sayo daga Birtaniya a shekarun 1980 ba su yi dogon aiki ba aka ajiye su, domin kuɗin kula da su sun gagara bayan faɗuwar farashin mai. NNS Aradu, babban jirgin ruwan yaƙin da aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982, ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure a gaɓa. Don haka duk lokacin da ka ga sabon saye a kaso na 23, koma kaso na 22 na shekara mai zuwa ka duba ko layin gyara da na mai sun motsa. Idan ba su motsa ba, ka san abin da ke tafe.

Ga ma'auni ɗaya daga waje da zai taimaka: ƙasashen ƙungiyar NATO sun amince a 2014 cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗin tsaronsu ya tafi ga manyan kayan yaƙi. Ba doka ba ce a kanmu, amma tana ba ka abin kwatantawa. Sai dai ka tace kaso na 23 tukuna, domin a cikinsa akwai katangar bariki, gidajen hafsoshi, motocin ofis da kujeru. Ware makamai daban, gine-gine daban.

Abin da aka ware daban, abin da aka saki daban

Dokar kasafi izini ce, ba kuɗi ba ce. Ma'aikatar Kuɗi da ofishin Akanta-Janar ne ke sakin kuɗi gwargwadon abin da ya shigo. Albashi yakan fita cikakke. Na gudanarwa yakan zo da tsaiko. Na manyan ayyuka shi ake riƙewa idan man da ake haƙowa ya gaza abin da aka yi hasashe. Rahoton wata uku-uku yana nuna abu uku ga kowace ma'aikata: abin da aka ware, abin da aka saki, da abin da aka kashe. Su ukun za ka kwafa.

Kula da kalanda ma. Kasafin 2017 da na 2018 sai a watan Yuni aka sa musu hannu. Daga 2020 aka koma tsarin Janairu zuwa Disamba, amma sai aka shiga tsawaita wa'adin manyan ayyuka: na 2024 an ja shi har cikin 2025. Sakamakon haka kasafi biyu ko uku kan gudana lokaci guda, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga aiki ɗaya sau biyu, ko a ɗauki kuɗin da aka saki bana a matsayin na kasafin bana alhali bashin bara ake biya.

Kuɗin da ba sa cikin shafin Ma'aikatar Tsaro

Wanda ya tsaya a lamba 0116 ya ga wani ɓangare ne kawai. Tiriliyan 4.91 ɗin nan ya haɗa da 'yan sanda da sauran hukumomin tsaro, ba na soja kaɗai ba ne. A ɗaya gefen kuma akwai kuɗin soja da ke wasu wurare.

Na farko, babban asusun gama-gari na gwamnatin tarayya, wanda takardun ke kira Service Wide Vote. A nan aka saba ajiye kuɗin ayyukan soja na cikin gida, irin su Lafiya Dole, wanda aka sauya wa suna zuwa Haɗin Kai a 2021. Layi ɗaya ne mai dunƙulallen adadi, babu bayani. Fansho da garatutin tsofaffin sojoji su ma a waje suke, tunda gyaran doka na 2011 ya fitar da soja daga tsarin fanshon karo-karo, nauyin ya koma kan baitulmali kai tsaye. Ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yana da nasa shafin. Shirin tsaron teku na Deep Blue, na dala miliyan 195, wanda aka ƙaddamar a 2021, ta hukumar kula da harkokin sufurin teku ta NIMASA ya bi, ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri ta lokacin.

Na biyu, ƙwarya-ƙwaryar kasafi. A Yulin 2021 an sa hannu a kan na naira biliyan 982.7, mafi yawansa na kayan yaƙi. A Nuwambar 2023 an yi na tiriliyan 2.17, kuma tsaro ne ya fi samu. Irin wannan kasafi cikin kwanaki majalisa ke wucewa da shi, don haka binciken da ake yi masa bai kai na babban kasafi ba. A cikin na 2023 ne aka ga layin jirgin ruwan shugaban ƙasa na kusan naira biliyan 5 a ƙarƙashin sojin ruwa, jama'a suka yi ca, majalisa ta cire shi. Wani ne ya zauna ya karanta layi-layi har ya gano shi.

Na uku, kuɗin da ba su bi ta kasafi ba tun farko. A 2014 gwamnatin Goodluck Jonathan ta nemi izinin ciyo bashin dala biliyan 1 don yaƙi da Boko Haram. A Disambar 2017 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta amince a cire dala biliyan 1 daga asusun rarar man fetur. A 2018 Muhammadu Buhari ya ba da izinin fitar da dala miliyan 496 don jiragen Super Tucano 12 kafin majalisa ta amince, abin da ya jawo cece-kuce domin sashe na 80 na kundin tsarin mulki ya hana taɓa kuɗin gwamnati ba da amincewar majalisa ba. Shari'ar da aka yi ta yi kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai ta ofishin Sambo Dasuki, mai ba Jonathan shawara kan tsaro, wadda aka fara a 2015, a kan irin waɗannan kuɗi ne da ba su bi ta Ma'aikatar Tsaro ba. Ga kuma kuɗin tsaro da gwamnoni ke karɓa ba tare da ba da ba'asi ba. Ƙungiyoyin yaƙi da cin hanci na Transparency International da CISLAC sun ƙiyasta irin waɗannan kuɗi, na tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi gaba ɗaya, da kusan dala miliyan 670 a shekara a rahotonsu na 2018. Wani ɓangare nasu yana ƙarewa a motocin sintiri da alawus ɗin dakarun da ke jihar, wanda ke nufin ƙarfin soja a wata jiha yakan dogara da aljihun gwamnanta da kuma ra'ayinsa.

Inda siyasa ke barin sawu

Albashi ba ya motsi, bashi ba ya jira. Abin da ya rage, ɗan kason da ake iya juyawa, shi ake kokawa a kai. Hanya mafi sauƙi ta ganin kokawar ita ce ka ajiye daftarin shugaban ƙasa kusa da dokar da aka sa wa hannu, ka bi kaso na 23 layi-layi. Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowace tana da kwamitoci daban na tsaro, sojin ƙasa, sojin ruwa da sojin sama, kuma a gabansu hafsoshi ke kare kasafinsu. Duk layin da babu shi a daftari amma ya bayyana a doka, a majalisa aka shigar da shi. Ba kowane ƙari ne cushe ba; wani lokaci kwamiti yana gyara gibi na gaske. Alamar cushe ita ce aikin bai dace da hukumar da aka ɗora wa ba: fitilun titi masu aiki da hasken rana, rijiyar burtsatse ko rabon kekunan ɗinki a ƙarƙashin wata makarantar soja. Rubuta garin da aikin yake, ka duba mazaɓar wa ce.

Sai wurin da ake kafa cibiyoyi. Bariki ko makarantar soja na kawo aikin yi da hanya da kasuwa, don haka kowa na son ta a garinsu. An kafa Jami'ar Sojin Ƙasa a Biu a 2018 lokacin da Tukur Buratai, ɗan yankin, yake shugabantar rundunar. A 2021 an amince da sansanin sojin ruwa a Kano lokacin da Awwal Gambo, ɗan jihar, yake babban hafsan ruwa. Kowanne yana da hujjar da aka bayar, kuma mai bincike ba aikinsa ba ne ya yanke hukunci a kan niyya. Aikinsa ya lissafa nawa cibiyar za ta riƙa ci kowace shekara a kaso na 21 da 22, ya tambaya daga wane layi aka rage. Kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a 2013 da ta 8 da ke Sakkwato yaƙi ne ya tilasta, kuma bambancin yana bayyana ga wanda ya duba taswirar inda ake faɗa. Wannan ɗabi'a ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka, a 2012, sojin ƙasa sun ce tankokin Abrams da suke da su sun ishe su, majalisa ta ci gaba da ware kuɗi saboda masana'antar da ke Lima a jihar Ohio da ma'aikatanta.

Akwai gasa tsakanin rundunoni uku, wadda takan sa kowace ta nemi abin da 'yar'uwarta ke da shi. Idan ka ga runduna biyu suna sayen jirage marasa matuƙi iri daban-daban daga ƙasashe daban-daban, kowanne zai bukaci nasa kayan gyara da nasa makanikai.

Siyasar waje kuma tana yanke abin da kuɗi za su iya saye, ko da suna hannu. A 2014 Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen Cobra ta hannun Isra'ila bisa damuwa kan take hakkin ɗan'adam. Cinikin Super Tucano ya tsaya bayan jirgin sojin sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, sai gwamnatin Donald Trump ta sake buɗe shi. An biya a 2018, shida na farko suka iso a Yulin 2021. Shekara uku ke nan tsakanin fitar kuɗi da isowar kaya, kuma ya kamata ka sa wannan tazara a lissafi duk lokacin da kake auna kasafi da abin da ke faruwa a fagen daga. Irin wannan jinkiri ne ya tura Najeriya wajen Sin, Turkiyya, Pakistan da Italiya. Ana samun kaya da wuri, amma rumbun makamai yakan zama gauraye, kuɗin gyara su ninka.

Idan an ce maka sirri ne

Za a ce. Sashe na 15(2) na dokar ba da kwangila ta 2007 ya keɓe sayayyar da ta shafi tsaron ƙasa daga ƙa'idojin gasa, sai shugaban ƙasa ya ba da izini. Sashe na 11 na dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ya ba hukuma damar ƙin ba da bayanin da zai cutar da tsaro. Sirri na gaske yana nan: yawan harsashin da ke rumbu, inda aka girke dakaru, ƙarfin na'urar leƙen asiri. Amma kuɗin gina ɗakunan kwanan sojoji, kwangilar abinci, takalma da kaki ba sirri ba ne, kuma wannan sashe na 11 ɗin ya ce ba za a hana bayani ba idan amfanin jama'a ya fi cutarwar da ake tsoro.

Saboda haka ka ƙuntata tambayarka. Kada ka rubuta kana neman yadda aka kashe kuɗin tsaro, za a mayar maka da amsa ɗaya. Kawo lambar aikin kamar yadda take a dokar kasafi, shekarar, da adadin da aka ware, sannan ka nemi abu uku: nawa aka saki, wane kamfani aka ba, kashi nawa na aikin aka kammala. Doka ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma idan ta ƙi dole ta faɗi sashen da ta dogara da shi a rubuce, kana da damar zuwa kotu. Aika kwafin wasiƙar ga kwamitin binciken asusun gwamnati na Majalisar Dattawa da na Wakilai, su ne ke karɓar rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya. Rahoton yakan makara da shekaru, don haka nemi na shekarar da aka ware kuɗin aikin, ba na shekarar da kake ciki ba.